Ɓarawon Da Ya Koma Dogarin Fada: Sharhi A Kan Wasannin Ganbare Goemon

Na san ba za a rasa ba daga cikin 'yan ƙungiya waɗanda da ganin kan wannan sharhi za su ce, to me kuma ya kawo wasan yara cikin mujallar marubuta? Tambayar tana kan hanya, amsarta kuwa gajeriya ce. Duk inda aka ɗauki labarin da kakanni suka bari aka sake ƙera shi domin mutanen wani zamani, to aikin marubuci aka yi, ko a takarda aka yi shi, ko a dandamali, ko a akwatin talabijin wanda yaro ke zaune gabansa yana danne-danne. Wasannin bidiyon da nake so mu duba, wato jerin Ganbare Goemon waɗanda kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fara fitarwa a 1986, sun shafe kusan shekara ashirin suna wannan aiki a kan mutum guda, a cikin wasanni sama da ashirin. Ma'anar sunan ita ce, "Dage dai, Goemon!" Shi kuwa wannan Goemon da ake cewa ya dage, ɓarawo ne wanda hukuma ta tafasa da ransa a bainar jama'a. Yadda aka yi mutumin da ya ƙare a cikin tukunya ya zama abin dariyar yara, da abin da aka samu da wanda aka rasa a hanya, shi ne abin da ya shafe mu, mu da kullum muke fama da tambayar yadda za mu yi da tatsuniya da tarihi a cikin rubutunmu.

Abin da tarihi ya tabbatar game da Ishikawa Goemon bai cika cikin cokali ba. A shekarar 1594, zamanin da Toyotomi Hideyoshi ke riƙe da Japan, an kama wani gungun ɓarayi da suka addabi birnin Kiyoto, aka kai su bakin kogin Kamo, wajen gadar Sanjo, aka kashe su. Wani bafade mai suna Yamashina Tokitsune ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa an tafasa ɓarayi a wurin, jama'a kuma suka yi dafifi suna kallo, amma bai ambaci sunan kowa ba. Sunan ya fito ne ta hannun baƙi. Wani ɗan kasuwa mutumin Sifen, Bernardino de Avila Giron, ya ba da labarin kisan a cikin littafin da ya rubuta kan Japan, sa'an nan wani limamin Kirista, Pedro Morejon, ya ƙara bayani a gefen shafin cewa wanda aka soya a cikin mai sunansa Goemon, kuma tare da iyalinsa aka hallaka shi. Iyakar ta ke nan. Waɗannan shaidu na farko ɓarawo kawai suka kira shi, ba wanda ya ce ya taɓa raba wa talaka ko anini.

To amma fa jama'a ba su bar shi a nan ba, domin kuwa suna da dalili. Hideyoshi ɗan talakawa ne da ya hau har ƙololuwar mulki, da ya hau kuma sai ya janye tsanin. A 1588 ya ba da umarni a ƙwace makamai daga hannun manoma, ya sa aka auna gonakin ƙasar kaf domin haraji, a 1592 kuma ya kwashi mayaƙa ya aika su yaƙi a Koriya. Mutanen da aka yi wa haka, in suka ji an ce ga wani da ya tsallaka katangar manya da dare, ai ba sa tsayawa tambayar halinsa. Sai labarai suka yi ta tsirowa. Aka ce ya koyi dabarun ninja, wato 'yan leƙen asirin nan masu shiga gida ba a ji ba a gani. Aka ce ya shiga har ɗakin barcin Hideyoshi, sai wani kaskon turare mai siffar tsuntsu ya yi kuka ya tona masa asiri. Wanda ya fi duka taɓa zuciya shi ne wanda aka ce an jefa shi a tukunyar tare da ƙaramin ɗansa, shi kuwa ya ɗaga yaron sama da kansa da hannu biyu, yana riƙe da shi har ƙarfinsa ya ƙare. Masu zane na Japan sun zana wannan hoto sau da yawa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe shi a zuciya, domin da shi za mu auna abin da ke tafe.

Kafin Konami, masu wasan kwaikwayo sun riga sun yi nasu gyaran. A 1778 aka fara nuna wani wasan kabuki a birnin Osaka wanda Namiki Gohei ya rubuta, Sanmon Gosan no Kiri. Kabuki wasan dandamali ne na gargajiya mai kwalliyar fuska da manyan tufafi da tsayuwa irin ta ƙasaita. A wurin da ya fi shahara a wasan, ana ganin Goemon a zaune a saman babbar ƙofar wurin bauta na Nanzenji, da tulin gashi a kansa irin na wanda ya yi kwana ɗari bai ga wanzami ba, yana zuƙar wani ƙaton lofe yana kallon furannin bazara kamar shi ne mai garin. Can ƙasa sai ga abokin gabarsa cikin shigar mai ziyarar ibada. Goemon ya wurgo masa wuƙa, shi kuma ya tare ta da ludayi. Abubuwa biyu ne a nan da ya kamata marubuci ya lura da su. Na farko, ƙofar da Goemon ke zaune a kanta a 1628 aka gina ta, shekara talatin da huɗu bayan an kashe shi, kuma ba a ji 'yan kallo sun tashi sun fita saboda haka ba. Na biyu, hukumar lokacin ta hana a ambaci manyan masu mulki da sunayensu a dandamali, saboda haka Hideyoshi ya koma Mashiba Hisayoshi, sunan da ko yaro ya san wa ake nufi. Marubucin ya yi wa tarihi ƙarya a inda ƙaryar ba ta cutar da kowa, ya kuma kauce wa takobin hukuma, amma ya bar ƙashin bayan labarin yadda yake: ɓarawo a sama, mai mulki a ƙasa, suna kallon juna ido cikin ido.

Lofe, Tsaba Da Shinge

Wannan Goemon na dandamali shi Konami ya ɗauko. A 1986 ya fitar da Mr. Goemon a na'urorin da ake jefa wa kuɗi a gidajen wasa, da zane irin na tsofaffin hotunan Japan da ake bugawa da katako. A wannan shekarar kuma ya fitar da Ganbare Goemon! Karakuri Dochu a na'urar gida ta Famicom ta kamfanin Nintendo, kuma daga nan ne jerin ya kafu. A ganina, a nan ne gwanintar masu wannan aiki ta fi fitowa, kuma darasin da ke ciki ya fi ƙarfin wasan bidiyo.

Abin da suka yi shi ne, ba su tsaya yi wa yaro bayanin al'ada ba, sai suka damƙa masa ita a hannu. Lofen da Goemon ke zuƙa a saman ƙofa, wanda a dandamali ado ne, ya zama sandar da yake bugun abokan gaba da ita. Tsabar zinariya ta zamanin da, mai siffar ƙwai, wadda ake kira koban, ta zama abin jifa. Ka ga ke nan duk jifa ɗaya da ka yi, aljihunka ne ya ragu, kuma da wannan aljihun za ka sayi takalmi da abinci da sulke a kanti. Mai wasa bai san lokacin da zai fara lissafi irin na talaka ba: in jefa in tsira yanzu, ko in adana in ci abinci anjima? Jifa da kuɗi ma ba ƙirƙirar Konami ba ce, Japanawa sun san ta tun daga labaran Zenigata Heiji, ɗan sandan ƙagaggen labari da Nomura Kodo ya fara rubutawa a 1931, wanda ke kama ɓarayi ta hanyar jifansu da kwabbai. Sai ga shi an karɓe makamin ɗan sanda an ba ɓarawo.

Sai kuma shinge. A wasan na 1986, ba ka fita daga zango sai ka tara takardun wucewa guda uku, ko ka tono su a ramukan ƙarƙashin ƙasa, ko ka nemo su a cikin ɗakuna masu ruɗarwa, ko kuma ka saya da tsada. Wannan daga tarihi aka ciro shi kai tsaye. A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, an kafa shingaye a manyan hanyoyi, mafi shahara shi ne na Hakone a kan hanyar Tokaido wadda ta haɗa Edo, wato Tokiyo ta yau, da Kiyoto. Masu gadi suna sa ido ne musamman a kan bindigogi masu shiga Edo da mata masu fita daga cikinta, domin matan sarakunan larduna a can ake ajiye su tamkar jingina. Mai karatun da ya saba bin manyan hanyoyinmu ba sai an yi masa dogon bayani a kan shinge da takarda ba, balle a kan cewa akan saye ta. Yaron Japan na 1986 bai karanta wannan a littafi ba, ya tsaya ne a gaban mai gadi da takarda biyu a hannu, lokaci yana ƙurewa, ya ji yadda abin yake.

Jigon wasan farkon kuma bai ɓoyu ba. Goemon ya taso daga lardin Higo a kudu yana nufin Edo, lardi bayan lardi, 'yan doka suna bin sa da fitilu, shi kuma burinsa ya isa gidan sarkin lardin da ke matsa wa talakawa ya sa shi ya tuba. Zanen na dariya ne, kiɗan na annashuwa, amma har yanzu ɓarawo ne a gefe guda, fada a ɗaya gefen.

Akwai wani kakan waɗannan wasanni da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi kusa da mu marubuta. Kalmar dochu da ke cikin sunayen da yawa daga cikinsu tana nufin abin da ya faru a kan hanya, kuma tana tuna wa Bajapane wani littafin barkwanci da Jippensha Ikku ya fara bugawa a 1802, Tokaidochu Hizakurige. Labarin wasu shashashai biyu ne, Yaji da Kita, da suka kama hanyar Tokaido a ƙasa, suna cin bashi, suna faɗa da masu masauki, suna ɗanɗana abincin kowane gari. Tun daga 1989, da aka haɗa Goemon da abokin tafiyarsa Ebisumaru, mai ƙaton ciki da ƙyalle ɗaure a ƙarƙashin hanci, zubin wasannin ya koma na wannan littafi sak: mutum biyu, doguwar hanya, kowane gari da abincinsa da wautarsa. Shi ƙyallen nan shigar ɓarayin dandamali ce, ana danganta ta da Nezumi Kozo, wani ɓarawon gaske da ya yi ta fasa gidajen manya a Edo har aka kashe shi a 1832. Abin da zai ba mai karatu mamaki, a cikin littafin Ikku akwai inda matafiyan suka sauka a garin Odawara suka tarar da bahon wanka na ƙarfe wanda ake hura wa wuta a ƙasa, ba su san yadda ake shiga ba, ɗayansu ya shiga da takalmin katako har ya fasa gindin bahon. Sunan irin wannan baho a Japan har yau shi ne bahon Goemon. Wato tun kafin a haifi kakannin ma'aikatan Konami, Japanawa sun riga sun mai da tukunyar azaba wurin wanka, suna kuma dariya a kai. Wanda zai zargi Konami da raina tarihi sai ya fara da Ikku.

Inda Aka Sauya Hanya

Duk da haka ina da ƙorafi, kuma daga 1991 ya fara. A wannan shekara aka fitar da Yukihime Kyushutsu Emaki a na'urar Super Famicom, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne gwarzon jerin, ni ma ban musa ba ta fuskar daɗin wasa. Ana zagaya Japan tun daga Edo, a bi ta tsibirin Shikoku, a je Izumo, har tsibiran Ryukyu. Gari kuwa cike yake da rai: ga gidan abinci, ga masauki, ga wurin caca, ga sukuwar dawaki, ga aikin lada na fenti, har da wani ɗaki da za ka shiga ka buga wani wasan Konami na jiragen sama jannati, Gradius, a tsakiyar Japan ta zamanin takubba. In ka bugi mace mai wucewa a rage maka kuɗi. Dodon farko da za ka gamu da shi fatalwar wata mace ce mai jifa da faranta, kuma duk yaron Japan ya san daga inda ta fito. Okiku ce, baiwar da tatsuniya ta ce an ɗora mata laifin ɓatan faranti ɗaya daga cikin goma masu daraja, aka kashe ta aka jefa a rijiya, kullum dare sai a ji muryarta tana ƙirga faranta, in ta kai tara sai ta fashe da kuka. Dubi yadda aka sake yin dabarar nan ta lofe: abin da aka zalunce ta a kansa shi ya zama makaminta.

To amma mene ne jigon wasan? Gimbiya Yuki, 'yar sarkin Edo, aka sace, Goemon kuma ya tashi ceto ta. Mutumin da shekara biyar baya yake tsallaka katangar sarakuna domin ya sa su tuba, yanzu shi fada ke aika. Daga nan har ƙarshen jerin, da wuya ka ga Goemon ya saci ko allura. Yana zaune a unguwarsa a Edo, garin da Goemon na tarihi ya mutu shekara tara kafin ya zama mazaunin mulki, yana son wata yarinya mai aiki a shagon shayi, Omitsu, in masifa ta taso sarki ya nemi taimakonsa. Sarkin ma an mai da shi dattijo mai sauƙin kai wanda ba ya cutar kowa. Ita kanta fatalwar mai faranta, da ka cinye ta sai ta rikiɗe ta zama wata kyanwa, ashe gwada ƙarfinka ake yi. Rijiya ta tafi, zaluncin ubangida ya tafi, faranti kawai ya rage.

Wannan ita ce cutar da nake jin tsoro ga masu tasowa a cikinmu. Kayan tatsuniya suna da sauƙin ɗauka: dodo, aljani, layar zana, tsohuwa mai gashi har gadon baya. Abin da ke da wuyar ɗauka shi ne ciwon da ya sa aka ƙirƙiri labarin tun farko. Labarin Goemon ya rayu shekara ɗari huɗu ne saboda akwai mutanen da aka ƙwace wa makami aka auna wa gona, kuma saboda akwai uba da ya ɗaga ɗansa sama. Ba ina cewa a nuna wa yara ana tafasa mutum ba ne, Allah ya kiyaye. Wasan 1986 ai na yara ne, bai nuna tukunya ba, amma ya san wane ne abokin gabar Goemon. Muna da misalin irin wannan riƙo a gida. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, ya kwashi tauraronsa ya kai shi ƙasashen aljannu ya sa shi yaƙe-yaƙen da hankali ba zai ɗauka ba, amma ya fara dasa ƙafarsa a cikin yaƙin Turawa da sarakunan ƙasar nan, kuma wannan ɗacin na wanda aka ci da yaƙi shi ke riƙe da duk abin al'ajabin da ya biyo baya. Cire shi, sai a bar ka da jarumi mai sare-sare ba dalili.

A bisa adalci, masu wasan ba su zauna ba jigo ba, sun sauya shi ne. Da suka sasanta Goemon da fada, sai suka nemo masa sabon abokin gaba daga waje. A wasan 1993, wani baƙon janar mai suna Magginesu ya zo da rundunar mutane masu shigar zomaye ya kame fadar Edo domin ya sake fasalin Japan yadda ransa ke so. A na 1997, wanda ya fito a na'urar Nintendo 64, wasu 'yan rawa da waƙa ne suka zo cikin jirgi mai siffar 'ya'yan itace, suka harbi fadar Edo ta koma ginin Turawa, suka ɗauke tsibirin Kyushu ɗungurungum zuwa sama, burinsu su mai da ƙasar duka dandamalin wasa. Wanda ya san cewa a 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka tsaya a bakin tekun Edo suka tilasta wa Japan buɗe ƙofofinta, ya san abin da ake tsokana. Jigo ne mai kyau, tsoron kada baƙo ya mai da al'adarka abin kallo, kuma sun iya shi, domin suna yi suna yi wa kansu dariya. Har dariyar 'yan kallo suka naɗa suka sa a wasan 1997, tana tashi in an yi barkwanci, kamar a wasan talabijin.

Wani zai ce ai su ma sun ɓata gargajiyar da ƙaton mutum-mutumin nan, Goemon Impact, wanda tun 1993 ake shiga cikinsa a yi dambe da wasu ƙattin. A nan kam ina bayansu. Japan ta zamanin Edo tana da sana'ar ƙera 'yan tsana masu motsi da kansu, karakuri, kalmar da ke cikin sunan wasan farko. Akwai wadda ke ɗauko kofin shayi ta kawo wa baƙo, in ya ɗauka ta tsaya, in ya mayar ta juya. A 1796 Hosokawa Hanzo ya buga littafi mai zane-zanen yadda ake haɗa su, kuma Tanaka Hisashige, wanda ya yi suna a wannan sana'a, shi ya kafa masana'antar da daga baya ta zama tushen kamfanin Toshiba. Saboda haka Sasuke, ɗan ninjan ƙarfe mai aiki da batir da ke cikin tawagar Goemon, jikan mai kawo shayin nan ne. Sun tono abin da ke cikin gidansu ne suka hura shi ya yi girma.

Sai dai abin da ya fi ba ni takaici, kuma ya fi burge ni a lokaci guda, shi ne sunan da aka ba 'yan rawan nan na 1997: Sabuwar Gwamnatin Momoyama. Momoyama shi ne sunan da masana tarihi ke kiran zamanin Hideyoshi da shi, daga tudun da fadarsa ta Fushimi take. Wato sunan zamanin da ya tafasa Goemon ya dawo a matsayin abokin gabarsa, bayan shekara ɗari huɗu da uku. Wanda ya zaɓi wannan suna ya san abin da yake yi. Amma wasan bai yi komai da shi ba. An taɓo ƙofar, aka wuce.

Game da fassara ba zan daɗe ba, ko da yake abin ya shafi masu juya littattafai a cikinmu. Da aka kai wasan 1991 Amurka a 1992 da sunan The Legend of the Mystical Ninja, sai aka ga sunayen Goemon da Ebisumaru za su yi wa yaran can nauyi, aka mai da su Kid Ying da Dr. Yang, sunaye masu ƙamshin Sin, ba ma Japan ba. Dunƙulen shinkafa ya koma fiza, tsabar zinariya ta koma dala. Wasan da jerinsa zai zo ya yi ta tsokanar baƙi masu sake wa Japan fasali, shi aka fara yi wa haka. Sai a 1998 aka mayar wa taurarin sunayensu a fassarar Ingilishi, kuma mafi yawan wasannin jerin ba a kai su kasuwannin Turai da Amurka ba a zamaninsu.

Daga 2000 jerin ya fara laluben hanya. An gwada Goemon mai natsuwa da fuskar samari a PlayStation 2 a 2000, aka gwada wani na zamani mai zuwa a 2001 da sababbin taurari, ba wanda ya kama. Tauraron da aka riga aka cire wa dalilinsa, ko wace riga aka sa masa sai ta yi masa yawa. Etsunobu Ebisu, ɗaya daga cikin jagororin aikin, wanda daga sunansa aka samo Ebisumaru, ya bar Konami ya kafa kamfanin Good-Feel a 2005, kuma a 2023 kamfanin ya fitar da Bakeru, wasan da ke zagaya lardunan Japan arba'in da bakwai da irin wancan ruhu, amma da wata dabbar tatsuniya mai rikiɗa a matsayin tauraro, ba ɓarawo ba. Shi kuwa Goemon, bayan 2005 sai aka riƙa ganin fuskarsa a jikin na'urorin caca.

Wasan 2005 ɗin, wanda ya fito a Nintendo DS da zane mai kyau irin na tawada da buroshi, ya koma hanyar Tokaido, kamar masu shi sun tuna da Yaji da Kita. Labarinsa shi ne, wasu 'yan ta'adda suna aikata ɓarna a ƙasa da sunan Goemon, aka kama shi a kan laifin da bai yi ba, shi kuma ya fita domin ya wanke sunansa. Sunan da aka ba gungun masu laifin shi ne ƙungiyar Mr. Goemon, wato sunan wasan farko na 1986, lokacin da yake ɓarawo.